Wifi ma yana da tiya: yadda muka auna rezon gidan taronmu da wayar hannu

A wannan fitowa za mu ba ku labarin wani ƙaramin akwati da ya kusa raba kan ƙungiyarmu, da yadda muka kashe rigimar da wayar hannu guda, ba mu fidda ko dala daga asusu ba.

Mu ashirin da takwas ne. Bayan rabon bara muka yanke shawarar sayen akwatin wifi, irin wanda ake sa wa sim a jona shi da kuran. Dalili a fili yake. Da yawa cikinmu suna da ɗa ko miji a cirani, wasu a Abijan, wasu a Agadas, wasu a Libiya ko Legas. Masu sana'a kuma, masu turaren wuta da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da zannuwa, a WhatsApp suke nuna kayansu yanzu. Kowace sai ta sayi ɗan forfe na yini, kafin la'asar ya ƙare. Muka ce gara mu haɗa hannu mu riƙa sayen na wata. Aka ajiye akwatin a gidan ma'ajiyarmu, inda muke taro, tunda mafi yawanmu katanga ce kawai tsakaninmu da ita.

Ba a cika wata biyu ba ƙorafi ya taso. A rumfar da muke zama, hoto sai ya yi ta juyawa bai tafi ba. Kira sai ya tsinke ana tsakiyar gaisuwa. Forfen da aka saya na wata guda ya ƙare cikin kwana goma sha takwas. Wasu suka ce laifin kamfani ne. Wasu suka ce a ciro kuɗi a sayi na'urar ƙara ƙarfi. Wasu kuma, cikin raɗa, suka fara cewa ma'ajiya da ƴaƴanta ne ke cinye abin da dare. Duk wadda ta daɗe cikin asusu ta san zargi ya fi bashi saurin kashe ƙungiya. Ma'ajiya ta ji. Ranar taro ta aza makullinta bisa tabarma, ta ce a nemi wata.

Ɗiyar sakatariyarmu, wadda ke karatu a jami'a, ta zo hutu a lokacin, tana gefe tana sauraro. Sai ta ce wa uwarta: "Inna, in kunka ga hatsi ya ragu cikin buhu, hwaɗa kuke hwarawa ko tiya kuke ɗaukowa? Wanga abu ma ana auna shi." Abin da ta koya mana a kwana biyu shi ne za mu shimfiɗa muku nan.

Igiya biyu ce

Abu na farko da ta sa muka gane: intanet ba tafiya ɗaya yake yi zuwa wayarki ba, zango biyu ne. Na farko daga dogon ƙarfen eriyar kamfani zuwa sim ɗin da ke cikin akwati. Na biyu daga akwati zuwa wayarki, shi ne wifi. Kamar ruwan pampo ne da ke zuba cikin tano, ke kuma ki ɗiba daga tano da bokiti. Pampo na iya rage zuba, bokiti ma na iya yoyo, kuma maganinsu daban ne.

Gwajin mai sauƙi ne. Ki tsaya dab da akwatin ki tura hoto. In ya tafi nan take, amma a rumfa ya ƙi, matsalar tana zango na biyu, kuma wannan a hannunki yake. In dab da akwatin ma ya ƙi, to ki duba sim, ko forfe, ko yawan masu ja. Mu namu dab da akwati yana gudu, a rumfa ne yake rarrafe.

Tiyar da ke cikin waya

A Play Store akwai manhaja, abin da yara ke kira aplikasiyo, mai suna WiFi Analyzer. Akwai da yawa masu wannan suna, galibi kyauta ne, kuma ba su da nauyi. In kin buɗe ta za ta nemi izinin sanin wurin da kike. Kada ki tsorata, tsarin Android ne ya wajabta haka tun fitowa ta 6, a 2015, ga duk manhajar da ke son ganin wifin da ke kewaye. Mai iPhone sai ta ari wayar ƴar uwa, don kamfanin Apple bai buɗe wa irin waɗannan manhajoji ƙofa ba.

Abin da za ki gani jerin sunaye ne: wifinku da na maƙwabta duka. Gaban kowane suna akwai abu biyu da suka shafe mu, ƙarfinsa da tashar da yake kai. Wata dattijuwarmu ta ce: "To ba leƙen gidan mutane muka yi ba kuwa?" Tambaya ce mai kyau. Manhajar ba ta nuna lambar sirrin kowa, ba ta nuna saƙon kowa. Kowane akwati da kansa yake shelanta sunansa, ita dai tana saurare ne. Shiga wifin maƙwabci ba da izininsa ba kuwa wani abu ne daban, cin kuɗin mutum ne, kuma ba shi muka fito yi ba.

Ƙarfin ana rubuta shi da lamba mai ɗan zane a gaba, sai haruffan dBm a baya, kamar -55 dBm. Nan muka fara ruɗewa, don mun ɗauka babbar lamba ita ce mai ƙarfi. Sakatariya ce ta warware mana. Ta ce ku ɗauke shi a matsayin bashi: wadda asusu ke bi 45 ta fi wadda ake bi 80 kwanciyar hankali. Daga nan kowa ta gane.

Daga -30 zuwa -50 rezo ne cikakke, sai dab da akwati ake samunsa. Zuwa -60 lafiya lau ne. Wajen -67 shi ne iyakar da kiran bidiyo ke tafiya ba gardama. Da an wuce -70 an fara wahala, a -80 saƙon rubutu ma da ƙyar, -90 kuwa suna ne kawai babu aiki. Akwai kuma abin da ya ba mu mamaki: lambar ba a hankali take hawa ba. Kowane 3 da ya ƙaru, ƙarfin ya rabu biyu. Kowane 10 da ya ƙaru, ya ragu sau goma. Wato -70 kashi ɗaya ne cikin goma na -60. Waɗancan ƴan sanduna uku ko huɗu da ke saman waya ba sa faɗin wannan.

Muka zagaya gida da kaye da bik

Muka ɗauko kaye muka zana gidan kamar yadda aka koya mana zana taswirar unguwa a ajin yaƙi da jahilci: zaure, tsakar gida, rumfa, ɗakuna, madafa. A kowane wuri mai riƙe da waya ta tsaya kamar rabin minti kafin ta faɗi lamba. Tsayuwar tana da dalili. Tun Android 9 manhaja ba ta iya leƙawa fiye da sau huɗu cikin minti biyu, saboda haka in kika yi sauri, lambar wurin da kika baro za ki rubuta.

A ƙofar ɗakin ma'ajiya muka samu -68. A rumfa -81. A zaure -88. Yarinyar ta ce: "Inna Hajiya, ina akwatin yake ne?" Ma'ajiya ta kai mu ƙuryar ɗaki, ta buɗe kabad na ƙarfe da makulli. Ga shi can ƙasa, an lulluɓe shi da ƙyalle saboda ƙura, gefensa akwatin kuɗinmu. Firigo na jingine da kabad ɗin, randa biyu na bakin ƙofa.

Kowa ta yi shiru. Tun da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi a 1991, abin da aka koya mana shi ne dukiyar jama'a a cikin ƙarfe take kwana, da kwaɗo. Ma'ajiya ba ta yi komai ba sai riƙon amana irin wanda ta sani. Sai dai wifi bai jituwa da ƙarfe. Ƙarfe yana maido shi baya, ko kabad ne, ko ƙofar ƙarfe, ko firigo, ko kwanon rufi, har madubi babba, don bayansa shafin ƙarfe ne. Ruwa kuma yana shanye shi: randa, tano, har jikin mutane in sun cika ɗaki. Katanga mai kauri, ta ƙasa ko ta siminti mai rodi a ciki, kowace tana cin rabonta.

Muka fito da shi. Aka kafa ɗan katako a bangon baranda, sama da tsawon mutum, inda yara ba sa kaiwa, inda rana ba ta bugu, yana kallon tsakar gida. Muka sake zagayawa. Rumfa ta koma -59, zaure -70. Daga -81 zuwa -59, ƙarfin ya ninka fiye da sau ɗari, kuma kuɗin ƙusa kawai muka kashe, shi ma maigidan ma'ajiya ne ya biya.

Ku lura da zafi. A watan Afirilu, in zafi ya haura digiri 40, akwatin da aka liƙa ƙarƙashin kwano ko aka rufe da ƙyalle yana ɗaukar zafi har ya rage gudu ko ya mutu ya tashi da kansa. Iska yake so. Ƙura kuwa a goge ta da busasshen tsumma.

Cunkoso a tasha ɗaya

Da rana komai ya daidaita, amma bayan isha'i sai abin ya sake nauyi, alhali lambar ƙarfi ba ta sauya ba. Nan ne amfanin ganin wifin maƙwabta ya fito.

Yawancin akwatuna suna aiki a zangon da ake kira 2.4 GHz. An raba shi tashoshi kamar na rediyo, daga 1 zuwa 13. A wayar da ke Faransanci "canal" za ki ga an rubuta. Tashoshin suna manne da juna, tazarar 5 MHz ce tsakaninsu, alhali kowane wifi yana cin faɗin kusan 20 MHz. Saboda haka wanda ke tasha 3 yana taka wanda ke 1, yana kuma taka wanda ke 6. Uku ne aka saba zaɓa don ba sa taɓa juna: 1, 6 da 11.

Manhajar tana zana wannan kamar tuddai, kowane wifi da tudunsa. Da dare muka ƙirga tara: na gidaje, na wani shago a bakin titi, da na samarin da ke raba intanet daga wayoyinsu. Biyar suna kan tasha 6, har da namu. Tasha 11 kuwa guda ne a kai, shi ma can nesa, a -85.

In akwatuna suna tasha ɗaya, layi suke bi kamar mata a bakin pampo, wannan ya yi magana wancan ya jira. Ana samun ruwa, amma da jinkiri. In kuwa rabi da rabi suka hau juna, kamar 4 da 6, babu layi, sai hayaniya, irin ta amsa-kuwwar biki biyu a lungu ɗaya. Don haka kada ki ga tasha 3 ko 9 babu kowa ki ce kin samu fili. Cikin 1, 6 da 11 za ki zaɓa, ki ɗauki wadda maƙwabtan da ke kanta suka fi ƙaranci kuma suka fi rauni. Maƙwabci ɗaya mai -50 ya fi uku masu -85 takura miki.

Sauya tasha ba wuya. A ƙarƙashin akwatin akwai takarda a manne, da adireshi na lambobi, sau da yawa 192.168.8.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.0.1, da suna da kod na shiga. Ki jona wayarki da wifin, ki rubuta adireshin a wurin da ake buɗe shafin intanet, ki shiga, ki nemi sashen wifi. Inda aka sa tasha ta zaɓi kanta, ki sa wadda kika zaɓa. In akwai zaɓin faɗi, 20 ko 40, ki bar shi a 20. Akwatin zai ɗauke na ɗan lokaci ya dawo. Kafin ki taɓa komai, ki rubuta yadda kika same shi a kaye, don ki iya maida shi. Mu mun koma 11, kuma muna sake dubawa duk wata, tunda maƙwabta ma suna sauyawa.

Wasu akwatuna suna da zango na biyu, 5 GHz. Ya fi gudu, ya fi yawan tashoshi, cunkosonsa kaɗan ne, amma bai da nisan zango kuma katanga ta fi cinsa. Wasu ƙananan wayoyi ma ba sa ganinsa sam. In kin ga sunan wifinku da "5G" a ƙarshe, galibi wannan ake nufi, ba sabon rezon kamfanonin waya ba. Wadda ke kusa ta hau shi, ta bar wa na nesa 2.4. Ƴan uwanmu na ƙauye kuwa, inda babu wani wifi kusa, maganar tasha ba ta dame ku ba, ku dai gyara wurin ajiya.

Wa ke cinye forfen?

Saura babbar magana, wadda ta sa aka aza makulli bisa tabarma. A shafin nan na akwati akwai jerin duk wayoyin da suka jonu da shi. Mu ashirin da takwas ne, wasunmu ma ba su da babbar waya. Jerin ya nuna arba'in da ɗaya.

Mun ɗauka sai mutum ya faɗi lambar sirri da baki ake samunta. Ashe tun Android 10, wayar da ta riga ta shiga tana iya fiddo wani zane mai murabba'i, wata wayar ta ɗauki hotonsa ta shige. Yaro ya ari wayar uwarsa minti ɗaya, ya gama. Da aka bi sunayen wayoyin, ba gidan ma'ajiya kaɗai ba ne. Kusan kowane gida da nasa, har da gidan shugabar ƙungiya mai rubuta muku wannan. Da yamma samarin suna jingine da katangar waje suna kallon ƙwallo.

Ɓarawo na biyu kuma wayoyinmu ne da kansu. Waya tana ɗaukar kowane wifi a matsayin kyauta. Da ta ji shi sai ta fara sabunta manhajoji, ta kwashe hotuna ta tura ma'ajiyar intanet, WhatsApp kuma ya sauke duk bidiyon da aka zuba a guruf, ko kin kalla ko ba ki kalla ba. Muka zauna aka bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. A Play Store aka hana sabuntawa sai da izini. A WhatsApp aka kashe saukar da bidiyo kai tsaye. Wayoyin da ke da zaɓin a gaya musu wannan wifi na awo ne, aka gaya musu.

Sannan muka sauya lambar sirri, muka yi ta doguwa, haruffa da lambobi, ba lambar wayar kowa ba, ba shekarar haihuwa ba, aka bar kariyar a WPA2. Muka sauya kod ɗin shiga shafin akwatin shi ma, don wanda ke manne a ƙasa duk mai ido zai karanta. Aka kashe WPS, wanda ke shigar da waya da danna maɓalli kawai. Muka kuma maida shi kan tsarin da muka sani: mata uku ne ke riƙe da lambar, su ke sa wa kowa da hannunsu, ana sauya ta duk ranar da aka sayi sabon forfe, kuma sakatariya tana karanta adadin wayoyi a taro kamar yadda take karanta zubi.

Abin da awo bai gyara ba

Kada mu sa ku tsammanin komai ya warware. In kuran ya ɗauke, akwati ya mutu, sai mai batir ko sola. In unguwa duka ta hau eriyar kamfani da dare, zango na farko ne ya cika, sauya tasha ba ta taɓa shi.

Amma shi ma zangon farko ana auna shi. Ki sa sim na kamfanin a waya, ki shiga saitin waya, sashen bayanin waya, ki nemi halin sim, za ki ga dBm a can ma. Tiyarsa daban ce da ta wifi: a 4G, -80 zuwa -90 mai kyau ne, wajen -110 kuwa ya yi rauni. Ki zagaya ki ga wace taga ko wane bango ya fi, akwatin ya zauna kusa da nan. Ƙungiyar da ba ta sayi akwati ba tukuna, ta fara aro sim na Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecom, ta gwada kowane a gidan da za a ajiye shi, da rana da kuma dare. Wanda ya fi a wata unguwa ba lalle ya fi a taku ba.

Na'urar ƙara ƙarfin da aka so mu saya ba mu saya ba. Abin da ta ji shi take maimaitawa. In kin aje ta inda rezo ya riga ya mutu, sandunan waya za su cika amma aiki ba zai gudu ba, kuma irin masu araha sukan rage gudu kusan rabi. Tana da amfani a babban gida, in an aje ta a tsakiyar hanya inda lamba ba ta wuce wajen -65 ba. Awo ne zai faɗa miki ko kina bukatarta.

Awon ya kuma nuna mana wani rashin adalci da ba mu lura da shi ba. Mata shida gidajensu sun yi nisa. A ƙofarsu -90 ne ko babu ma gaba ɗaya, sai ranar taro suke amfana, amma zubinsu na forfe daidai yake da na masu katanga ɗaya da akwati. Taro ya yanke su riƙa ba da rabi. Da ba a rubuta lambobin a kaye kowa ta gani ba, da wannan magana ma sai ta zama faɗa.

A taron da ya biyo baya, waɗanda suka yi raɗa suka nemi gafarar ma'ajiya a gaban kowa. Babbarmu ta ɗauki makullin ta miƙa mata, ta ce: "Yaya, ki yi haƙuri, mu munka yi gaggawa." Ta karɓa, ta ce ita dai kada a sake kawo mata abin da ba a kullewa. Aka yi dariya. Forfen wancan wata ya kai kwana talatin har da ɗan saura.

Ƴan uwa na Damagaram, Tawa, Yamai da sauran garuruwa, in ƙungiyarku ko gidanku na da irin wannan akwati kuma an fara ƙorafi, ku nemi wayar Android guda, da kaye, da yarinya mai haƙurin koyarwa. Ku tsaya dab da shi ku gwada, ku zagaya ku rubuta lambobi, ku duba tasha da dare, ku ƙirga wayoyin da ke kai. In bayan haka akwai abin saye, a kawo maganar gaban taro da kayen a hannu. Ku aiko mana da lambobin da kuka samu da abin da kuka tarar ya tare muku rezo, mu buga a fitowa ta gaba.